Borin jinin da ya ƙi tafiya: Piriton, setirizin, deksa, allurar Xolair ko na gargajiya?

Borin jini iri biyu ne a wajen likitocin fata. Akwai wanda yake tasowa kwana biyu ko mako guda ya wuce abinsa. Akwai kuma wanda yake zarce mako 6 yana tafiya yana dawowa, yau a cinya, gobe a gadon baya, jibi mutum ya tashi da leɓe a kumbure. Wannan rubutu na masu na biyun ne, waɗanda suka gaji da susa, kowa kuma yana ba su tasa shawarar: mai kyamis ya ce Piriton, maƙwabciya ta ce deksa, wani ɗan uwa ya ce akwai allura a asibiti, kaka ta ce dattin jini ne, a nemo saiwa a Kasuwar Kurmi.

Kafin a zaɓi magani sai a tabbatar borin jinin ne. Ka ɗauki biro da daddare ka zagaye guda ɗaya daga cikin wuraren da suka yi ruɗu-ruɗu. In borin jini ne, kafin awa 24 cikin da'irar ya koma sumul, ko da wasu sun fito a gefe. Kumburin leɓe ko na fatar ido shi yakan kai kwana 3. In kuwa wurin ya kwana biyu yana nan, yana zafi fiye da ƙaiƙayi, ya kuma bar tabo, wannan wani ciwo ne daban, sai likita ya gani.

Haka nan akwai soriyasis, wanda mutane kan haɗa shi da borin jini a kwando ɗaya don dukansu suna daɗewa. Shi ba ya yawo. Yana zama a gwiwar hannu, gwiwar ƙafa, ƙasan baya da fatar kai, fata ta yi kauri da ɓawo mai launin toka, a baƙar fata wurin ya yi duhu. Magungunan da za mu fi daɗewa a kansu a nan ba sa warkar da shi. Nasa su ne mayukan shafawa da likita zai zaɓa, hasken asibiti na musamman, metotireksat da ake sha sau ɗaya a mako wanda mai ciki ba ta kusantarsa, da allurai masu tsada. Mai soriyasis ya riƙe abu ɗaya daga nan: shan deksa ko firednisolon, ƙwayoyin danne kumburi da likitoci ke kira sitiroyid, a daina kwatsam na iya tayar da ciwon ya dawo da ƙuraje masu ruwa a jiki duka, har a kwantar da mutum.

Abin da za a auna

A cikin fata akwai wasu ƙwayoyin halitta da ake kira mast. Su ne suke zubar da sinadarin histamin, shi kuma ya buɗe ƙananan jijiyoyin jini, ruwa ya tsatso, fata ta tashi ta hau ƙaiƙayi. A mai borin jini mai daɗewa, ƙwayoyin nan suna zubar da shi ba tare da wani ya taɓa su daga waje ba, sau da yawa garkuwar jikin mutum ce da kanta take tsokanarsu. Ciwon ya fi kama mata, kusan ninki biyu, yakan kuma ɗauki shekara 1 zuwa 5 kafin ya lafa da kansa, wasu fiye da haka. Duk magungunan da ke ƙasa danne shi suke yi har lokacinsa ya cika. Ba wanda yake tumɓuke shi.

Saboda haka ma'aunina biyar ne. Na farko, akwai binciken da ya nuna maganin yana aiki? Na biyu, kuɗinsa, amma kuɗin wata shida, ba na katin yau ba. Na uku, za a iya shan sa watanni ba tare da ya ɓata wani wuri a jiki ba? Na huɗu, sauƙin samu da sauƙin sha a nan Kano. Na biyar, haɗarinsa. Na uku ya fi sauran nauyi a wajena, domin ciwon da zai yi shekara tare da kai ba a zaɓar masa maganin da ba a iya sha fiye da kwana goma.

Akwai kuma hanyar da masu bincike suke auna ciwon, kai ma za ka iya a jikin kalandar ɗaki. Kowane dare ka rubuta lamba biyu. Ta ruɗu-ruɗu: 0 in babu, 1 in ba su kai 20 ba, 2 in tsakanin 20 da 50 ne, 3 in sun wuce haka. Ta ƙaiƙayi: daga 0 zuwa 3, uku ita ce wadda ta hana barci ko aiki. A ƙarshen mako a haɗa, jimillar tana tsakanin 0 da 42. In ta sauko 6 ko ƙasa, magani ya kama. Takardar nan ta fi wa likita amfani a kan "da sauƙi-sauƙi dai".

Piriton da 'yan uwansa tsofaffi

Shi kowa ya sani. Ba kyamis ɗin da ba shi da shi daga Kurna har Sheka, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba. Yana rage ƙaiƙayi, ba musu. Matsalar ita ce aikinsa awa 4 zuwa 6 ne, sai a sake sha, yana kuma shiga ƙwaƙwalwa. Mutum ya sha da daddare ya yi barci mai nauyi, amma ya tashi jiki a mace, kai a ɗaure har hantsi. A shekarar 2000 an yi wani gwaji a jami'ar Iowa ta Amurka da na'urar koyon tuƙi: waɗanda aka ba wani tsohon maganin ƙaiƙayi na wannan aji, difenhaidiramin, tuƙinsu ya fi na waɗanda aka ba giya lalacewa, waɗanda aka ba feksofenadin kuwa ba abin da ya same su. Mai Adaidaita Sahu da zai yini a titin Katsina, ko tela a kan keke, ko ɗalibin da ke da jarrabawa, su yi tunani a kan wannan. Ga tsofaffi kuma yana kawo bushewar baki, ruɗewa da wahalar fitsari. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin fata da na alaji (wato jiki ya ƙi wani abu ya yi masa bore) na ƙasashen duniya suka amince da ita, a zubinta da aka buga a 2022, ta ce kada a riƙa amfani da wannan aji wajen borin jini mai daɗewa. Kada kuma a ninka shi da sunan ƙara ƙarfi.

Setirizin, loratadin, feksofenadin

Waɗannan su ne sabon zubi, irin su Zyrtec, Clarityne da Telfast, da takwarorinsu masu araha da kamfanoni da yawa suke yi. Ƙwaya ɗaya a rana: setirizin miligiram 10, loratadin 10, feksofenadin 180, lebosetirizin ko desloratadin 5. Su ne matakin farko a ƙa'idar da na ambata, a nan kuma mafi yawan mutanenmu suke yin asara, ta hanya biyu.

Hanya ta farko, sai jiki ya tashi sannan a sha. Mutum ya ajiye kati a ƙarƙashin matashi, in ƙaiƙayi ya tashe shi ƙarfe biyun dare ya ɓallo ɗaya, da safe ya ga jiki ya kwanta sai ya manta da shi. Alhali maganin tare wa histamin mazauni yake yi kafin ya iso, don haka aikinsa ya fi kyau in ana sha kullum a lokaci ɗaya, da ciwo da babu. Da azumi ma ba matsala, a sha da sahur ko bayan an sha ruwa.

Hanya ta biyu, in ƙwaya ɗaya ba ta isa ba sai a ce maganin ba ya yi, a koma deksa. Gaskiya ne ƙwaya ɗaya ba ta isar kowa. Wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje da dama, aka buga a 2016, ya nuna waɗanda ƙwaya ɗaya ta wadatar ba su kai rabi ba. Amma cikin waɗanda ba ta wadatar ba, kusan 6 cikin 10 sun samu sauƙi da aka ƙara musu adadi. Kafin nan, a 2010, wani gwaji a Sofiya ta ƙasar Bulgeriya a kan marasa lafiya 80 ya nuna ana iya ɗaga lebosetirizin da desloratadin har ninki huɗu, sauƙi ya ƙaru ba tare da illa ta ƙaru yadda ake tsoro ba. Shi ya sa ƙa'idar ta ce in mako 2 zuwa 4 ya wuce ba a samu yadda ake so ba, likita ya ɗaga har ninki huɗu. Likita na ce, ba mai ciwo ba, domin mai ciwon ƙoda ragi ma ake yi masa a setirizin, yara kuma da nasu awon. Ba a kuma haɗa iri biyu ko uku a lokaci guda, iri ɗaya ake ɗagawa.

A tsakaninsu akwai ɗan bambanci. Setirizin ya fi araha da sauƙin samu, sai dai yana sa wasu gyangyaɗi, musamman in an ninka. Feksofenadin ya fi su rashin sa barci, ya kuma fi su tsada, ba a kuma kora shi da ruwan lemo ko na tuffa don suna rage shigarsa jiki. Mai ciki da mai shayarwa an fi ba su loratadin ko setirizin. Kuɗin wata na setirizin, ko da an ninka, abu ne da mai ƙaramin ƙarfi zai iya. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a guji ƙwayoyin da aka warware aka ƙulla a leda.

Deksa da firednisolon

A nan jarabar take. Mutum ya sha biyu, kafin la'asar jiki ya kwanta luf kamar ba a taɓa yi ba. Ga araha, ga shi ba mai tambayarka takardar likita. Wani lokaci ma ba ka san ka sha ba, yana cikin haɗin da aka ƙulla maka: fara ɗaya, ruwan ɗorawa ɗaya, 'yar ƙarama ɗaya, "sha safe da yamma". Aikinsa kamar bashi da ruwa ne, yau a ji daɗi, biyan ya zo da ƙari. Da an daina, borin ya dawo, sau da yawa fiye da da, sai a sake komawa.

Bayan watanni sai alamu su fara bayyana. Fuska ta yi zagaye, tumbi ya fito hannu da ƙafa suna sirancewa, nankarwa ta tsaga cinya da ciki. Masu neman ƙiba ai shi suke sha da sunan "sha ka fashe". Abin da ba a gani ya fi muni: hawan jini, ciwon suga, raunin ƙashi, yanar ido, da raunin garkuwar jiki har tsohon tarin fuka ya samu kafar tashi. Ƙa'idar ta yarda da shi a wuri ɗaya kawai, in ciwon ya yi mummunan tashi, likita ya bayar na 'yan kwanaki, kada ya wuce 10. Wanda kuma ya riga ya yi makonni yana sha kullum, kada ya karanta wannan ya jefar da katin yau. Jiki ya riga ya rage yin nasa sinadarin mai irin aikin deksa, yankewa farat ɗaya na iya kayar da mutum. A je asibiti a rage shi a hankali.

Mayukan shafawa masu haɗi uku da ake sayarwa ko'ina su ma da irin wannan sinadari a ciki. Ba sa yi wa borin jini komai, tunda kafin man ya yi aiki kumburin ya ƙaura wani wuri, sai dai su sirantar da fata.

Allurar omalizumab

Ita ce Xolair. An fara yin ta ne don asma, daga baya aka gwada ta a borin jini. Gwajin da ya fito da ita fili shi ne ASTERIA II, wanda Farfesa Marcus Maurer na asibitin Charité da ke Balin ya jagoranta, aka buga a 2013, da marasa lafiya 323 waɗanda ƙwaya ba ta yi musu ba. Cikin waɗanda aka yi wa miligiram 300 duk mako 4, kashi 44 cikin 100 sun wayi gari ba ƙaiƙayi ba kumburi a mako na 12, alhali cikin waɗanda aka yi wa allurar da ba magani a ciki kashi 5 ne kacal. Wasu gwaje-gwaje biyu, ASTERIA I da GLACIAL, sun samu kusan kashi ɗaya cikin uku. A 2014 Amurka da Turai suka amince da ita ga 'yan shekara 12 zuwa sama.

Ta fuskar lafiyar jiki, ita ce mafi sauƙin hali a cikin manyan magungunan. Ba ta taɓa ƙoda, ba ta ɗaga hawan jini, ba a bin mutum da gwajin jini kowane wata. Haɗarinta shi ne mummunan alaji bayan allura, abin da ba kasafai yake faruwa ba, shi ya sa ake yin na farko-farko a asibiti a zauna a jira. Amma gwaje-gwajen nan sun nuna wani abu da mai biya daga aljihunsa ya kamata ya sani: da aka daina allurar, ciwon ya riƙa dawowa a hankali cikin makonni. Kuɗin wata ɗaya kuwa masu yawa ne ƙwarai, ba a samun ta a kyamis ɗin unguwa, dole kuma ta zauna a firji tsakanin digiri 2 da 8 tun daga inda aka ɗauko ta, a garin da zafin Afrilu yake wuce 40 wuta kuma ba tabbas. Wanda zai sayar da fili don allura biyu, ya sani wata shida ake ba ta kafin a yanke hukunci a kanta. Mai inshorar lafiya ta tarayya (NHIA) ko ta jihar Kano (KSCHMA) ya tambaya tun kafin a fara. An soma samun takwarorinta na wasu kamfanoni a Turai tun 2024, a 2025 kuma Amurka ta amince da allurar dufilumab da ƙwayar remiburutinib don wannan ciwo, amma duk ba su sauko inda talaka zai kai hannu ba.

Siklosforin

Ƙa'ida ta sa shi a bayan allura, sai dai inda allura ta gagara likita kan iya duba shi. Yana danne garkuwar jiki ne, ana kuma ba masu soriyasis mai tsanani. Wani ƙaramin gwaji a Ingila a 2000 ya nuna yana aiki, wasu suka biyo baya. Kuɗinsa ya fi na ƙwayoyin farko nesa, bai kai allura ba, amma a ɗora masa kuɗin gwajin ƙoda da awon jini a kai a kai. Yana iya taɓa ƙoda, ya ɗaga hawan jini, dasashi ya kumbura, gashi ya ƙaru. Na watanni ne, ba na shekaru ba, mai hawan jini ko ciwon ƙoda kuma ba nasa ba ne.

Na gargajiya da ƙaurace wa abinci

Ba na raina kakanninmu. Amma ciwon da yake kwanciya da kansa kowace safiya, ya kuma tafi da kansa bayan shekaru, duk abin da aka sha a ranar da ya tafi shi zai karɓi yabo. Jiƙe-jiƙen wankin jini ba su da gwaji irin na sama, ba a san awonsu ba, masu sa gudawa kuma wahalar da ƙoda suke. Haka hana kai kifi, ƙwai, gyaɗa da naman akuya: a borin jini mai daɗewa da wuya abinci ya zama sanadi, sai mutum ya rame a banza.

Abin da ya fi cancantar a ƙaurace masa yana cikin durowar magani. Asfirin, ibufurofen da diklofenak suna tayar da borin a wajen wasu masu ciwon, farasitamol ya fi aminci. Mai shan lisinofiril don hawan jini da yake tashi da kumburin leɓe ko harshe ya gaya wa likita da wuri, maganin kan jawo haka, ya kuma fi yi wa baƙar fata. Gwajin da ake buƙata kaɗan ne: ƙidayar jini, alamar kumburi a jini, wani lokaci na tayirod (ƙullin da ke gaban wuya), a wajenmu kuma da na bayan gida saboda tsutsar ciki.

| Zaɓi | Aiki | Kuɗi | Dogon sha | Samu a Kano | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Piriton | Matsakaici, gajere | Ƙasa sosai | Bai dace ba | Ko'ina | Barci, haɗarin tuƙi |
| Setirizin da ajinsa | Mai kyau, ya fi in an ɗaga | Ƙasa zuwa matsakaici | Ya dace | Ko'ina | Ɗan gyangyaɗi |
| Deksa, firednisolon | Nan take, ya dawo | Ƙasa | Kwana 10 iyaka | Ko'ina | Suga, hawan jini, ƙashi |
| Omalizumab | Mai ƙarfi | Sama ƙwarai | Ya dace | Sai an yi oda | Alaji, ba kasafai ba |
| Siklosforin | Mai ƙarfi | Sama, ga gwaje-gwaje | Watanni | Manyan famasi | Ƙoda, hawan jini |
| Jiƙe-jiƙe | Ba gwaji | Ya danganta | Ba awo | Ko'ina | Ƙoda, hanta |

Wa zai ɗauki wanne

Wanda bai taɓa shan sabon zubin kullum na tsawon mako biyu zuwa huɗu ba, nan zai fara, da kalandarsa. Direba, mai aikin inji da ɗalibi su nemi feksofenadin ko loratadin, su bar Piriton. Mai ciki, ki fara gaya wa likitan awo, mai yiwuwa loratadin ko setirizin za a ba ki. Wanda ƙwaya ɗaya ba ta isa ba, ya ɗauki takardar lambobinsa da hotunan jikinsa a waya, tunda sau da yawa ranar asibiti jiki sumul yake, ya nemi likitan fata a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya ko wani babban asibiti, ya tambayi batun ɗaga adadi. Wanda aka ɗaga masa har ninki huɗu jimillarsa ba ta sauko ba, in da hali na wata shida, allura ce ta fi. In babu, ƙodarsa da jininsa kuma lafiya lau, a tattauna siklosforin. Wanda ya daɗe a kan deksa, aikinsa na farko shi ne a sauke shi daga kai a hankali. Wanda kuma harshe ko maƙogwaro ya kumbura, murya ta shaƙe ko numfashi ya yi wuya, ba zaɓin ƙwaya ne a gabansa ba, a kai shi sashen gaggawa mafi kusa a lokacin, ko tsakar dare ne.